Asibitin Koyarwa Ne, Ina Koyarwar?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a babban asibitin koyarwa a ƙasar nan ya san wanda asibitin ke hannunsa daga la'asar har gari ya waye. Matashi ne ko matashiya, ɗan shekara talatin ko kusa da haka, ido ya yi ja, waya na ta ƙara a aljihu. Shi ke karɓar wanda aka kwaso daga hatsarin mota, shi ke yanke shawarar a shiga tiyata da mai naƙudar da ta kwana biyu ba ta sauka ba, shi ke laluben jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, shi kuma ke fitowa ya ce wa dangi sai haƙuri. Wannan shi ne likita mai neman ƙwarewa. A takarda ɗalibi ne da ya zo koyon aiki a hannun manya. A zahiri shi ne leburan asibitin, kuma a yawancin dararen da yake kwana a tsaye, babu wanda ke kansa yana koya masa komai.

Kafin ya iso nan ya yi shekara shida a jami'a, in yajin aikin malamai bai ƙara masa ba. Ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya yi hidimar ƙasa, ya ci jarrabawar share fage, sannan ya nemi gurbi, wanda samunsa ma sai an yi da gaske. Yarjejeniyar da ke tsakaninsa da asibiti ba ta da wani rufa-rufa. Zai ba da ƙarfinsa da ƙuruciyarsa na shekara biyar ko shida, a fanni irin na tiyatar ƙwaƙwalwa ma fiye da haka, asibiti kuma zai mai da shi gwani. Zai zauna jarrabawa ta ɗaya ya hau mataki, ya rubuta kundin bincike, ya zauna jarrabawa ta biyu a gaban Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko a gaban kwalejojin Afirka ta Yamma. Shi yana cika nasa alkawarin har da ƙari. Ɗaya ɓangaren ne ake saɓawa, kuma masu saɓawar ba ɓoyayyu ba ne.

Da ku zan fara, manyan likitoci, malaman waɗannan yara, domin zagin gwamnati kowa ya iya, ku ne ba a cika gaya wa ba. Na san a cikinku akwai waɗanda ke tashi ƙarfe biyun dare su tuƙo mota su zo su wanke hannu su tsaya gefen ɗalibinsu, kuma duk wanda ya bi ta hannunsu yana ambatonsu da alheri har ya tsufa. Allah ya saka musu. Maganata ga sauran take, kuma sauran ba kaɗan ba ne.

Ranku ya daɗe, a saman jadawalin aikin kwana sunanku ne ke rubuce. Ana biyanku alawus na wannan kwanan. Ma'anarsa ita ce duk mara lafiyar da aka kwantar a daren nan naku ne, kuma yaron da ke kwana a asibiti hannunku ne kawai da kuka bari a wurin. To me ya sa wayarku ke kashe? Me ya sa in an same ku, amsar ita ce a yi abin da ya dace, za ku gani da safe? Ba wanda ya ce laifi ne mutum ya nemi halalinsa a asibitin kuɗi bayan ya tashi aiki, albashin gwamnati ba ya riƙe gida, wannan kowa ya sani. Laifin shi ne a ce awannin da aka biya ku don ku koyar su ne kuke kwasa ku kai can. Ranar asibitinku ta ganin masu zuwa daga gida, ɗalibi ke zaune a kujerarku. Ranar tiyatarku, ku leƙo a yi aiki na farko da ku, sauran a bar wa yara. Zagayen marasa lafiya da ya kamata ya zama aji, a yi shi a guje cikin rabin awa.

A ɗauki yaron da taifot ya huda wa hanji, irin wanda ake kawowa daga ƙauye bayan ciki ya kumbura ya yi tauri. Aikin nan kullum ne a asibitocinmu, kuma ba aikin wasa ba ne. Sai an san yawan ruwan da za a ƙara masa kafin a taɓa shi, an san lokacin da jira ya zama kisa, an buɗe an bi hanjin kaf don hujin ba lallai ne ya zama ɗaya ba, an san inda ɗinki zai riƙe da inda sai an yanke an haɗa, da inda ya fi a fito da hanjin ta fatar ciki a jira wani lokaci. Littafi yana faɗin duk wannan, amma littafi ba ya nuna wa yatsa yadda ruɓaɓɓen hanji yake. Hanyar koyon ta matakai ce: ɗalibi ya kalla, ya taimaka, ya yi da kansa malami na tsaye a ɗaya gefen gado da safar hannu, ya yi malami na kusa inda murya za ta kai, daga ƙarshe ya yi shi kaɗai. Ko wanzami ba ya miƙa wa yaronsa aska ya tura shi yi wa ɗan mutane kaciya sai ya daɗe yana riƙe masa zabira, ya kuma yi ta farko da ta biyu a gaban idonsa. Mu a nan ana tsallake matakan tsakiya gaba ɗaya. Daga kallo sai kaɗaici. Wanda ke koya wa ƙaramin ɗalibi shi ne babban ɗalibi, wanda shi ma wani ɗalibin ne ya koya masa, kuskure na ta gadon kuskure. In yaron nan ya rayu, sunanku ne a kan fayil. In ɗinki ya warware bayan kwana biyar ya rasu, a taron bitar mace-mace ɗalibin ne zai tsaya gaban jama'a yana amsa tambaya, ku kuna kujerar gaba kuna girgiza kai.

Sai kuma cin mutunci, wanda aka ɗauka wani ɓangare ne na manhaja. A tsaya a kan gadon mara lafiya, ga danginsa, ga ma'aikatan jinya, ga ɗaliban jami'a, a tambayi magidanci mai 'ya'ya uku wace makaranta ce ta ba shi takardar likita. A jefar masa da fayil. A ce wa matar aure ta koma kicin. Wai ta haka ake gasa likita ya nuna. Ƙarya ne. Abin da tsawa ke koya wa mutum shi ne ɓoye jahilcinsa. Wanda aka tozarta jiya don ya yi tambaya, yau ba zai tambaya ba. Wanda aka zaga don ya kira babba cikin dare a kan abin da bai kai ba, gobe zai yi ta jan ƙafa a kan abin da ya kai, yana kallon hawan jinin mai ciki na ƙaruwa yana addu'ar gari ya waye. Tsoron malami ya fi ƙarfin tsoron da yake yi wa mara lafiya, kuma mara lafiyar ne ke biyan kuɗin wannan tarbiyya da ransa. Haka kuma dangin da suka ga an yi wa likita wankin babban bargo da safe, da wane ido za su kalle shi da daddare in ya ce su sa hannu a shiga tiyata?

Akwai wani abin kunyar da ake yi a ɓoye. Ɗalibi ya tara bayanai, ya yi lissafi, ya rubuta maƙala, sunan da zai zo a farko na wanda bai karanta ta ba ne. A aike shi ɗauko yara daga makaranta. A sa shi riƙe asibitin kuɗin oga ranar hutunsa, ba zai iya cewa a'a ba, don hannun da zai sa masa a takardar jarrabawa shi ne hannun da ya aike shi. Kundin bincikensa ya yi wata da watanni a kan teburin mai duba shi, lokacin jarrabawa ya zo ya wuce, shekara ta tafi a banza. Mutumin da makomarsa ke aljihunka ba ya iya ƙin aikenka, saboda haka aiken nasa zalunci ne ko da murmushi ya karɓa.

In aka ɗaga wannan magana, amsar da ke bakin kowa ɗaya ce: mu ma haka aka yi mana. Da farko dai, ba haka aka yi muku ba. A zamanin da yawancin farfesoshin yau suka yi nasu horon, garuruwan nan ba su kai rabin yadda suke yanzu ba, malamansu na kwana a gidajen asibiti, kuma akwai lokacin da gwamnati ke tura mai neman ƙwarewa ƙasar waje ya yi shekara guda ya ga yadda ake aiki a inda kayan aiki suka cika. Kun sha wahala, gaskiya ne, amma an haɗa muku wahalar da karatu. Waɗannan an bar musu wahalar, an cire karatun. Na biyu kuma, ko da an zalunce ku, tun yaushe zaluncin da aka yi wa mutum ya zama lasisin yi wa na bayansa?

Wannan tsari na kwana da yini a asibiti ba saukakke ba ne daga sama. A Amurka aka faro shi, a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889, inda William Osler da William Halsted suka sa matasan likitoci zama a cikin asibitin dungurungum. Halsted, wanda ya shimfiɗa tsarin horon masu tiyata, mutum ne da ya yi fama da jarabar hodar ibilis da kuma mofin tsawon rayuwarsa ta aiki. Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin sun daɗe da gane illarsa. A watan Maris na 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin koyarwa a birnin New York. Ƙananan likitoci biyu ne suka duba ta cikin dare, ɗaya na ɗauke da marasa lafiya da dama a lokaci guda, aka ba ta maganin da bai jitu da wanda take sha ba, babban likitan kuma ta waya aka yi magana da shi, bai zo ba. Mahaifinta ɗan jarida ne kuma lauya, ya ƙi yin shiru. Jihar New York ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Bertrand Bell, a 1989 aka kafa dokar kada mai neman ƙwarewa ya wuce awa 80 a mako ko awa 24 a jere, a 2003 kuma ƙa'idar awa 80 ta game Amurka duka. A Ingila, tun 2009 matsakaicin makon ƙaramin likita awa 48 ne. Abin da ya kamata malamanmu su riƙe shi ne, shi Bell ɗin ya yi ta nanatawa cewa rashin sa idon manya ya fi yawan awanni illa.

Ilimin da kuke koyarwa da kansa ya yanke hukunci a kan wannan. Binciken da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba, hannunsa da hankalinsa na aiki kamar na wanda ya sha giyar da doka ta hana a tuƙa mota da ita. Wani binciken a Boston a 2004 ya gano ƙananan likitocin da ke yin dogon kwana a sashen kulawa ta musamman sun fi waɗanda aka rage wa awanni tafka manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin ɗari. Babu farfesan da zai yarda matuƙin da ya kwana biyu bai yi barci ba ya ɗauki iyalinsa daga Kano zuwa Kaduna. Amma shi ne zai sa hannu a jadawalin da zai sa yaro ya shiga aiki safiyar Juma'a ya fito Litinin da rana, yana lissafin maganin jarirai da ƙwayar idon da ke rufewa. Abin ya kai har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta umarci 'ya'yanta da su daina wuce awa 24 a jere daga 1 ga Oktoban 2025. Ku duba wannan da kyau. Ɗalibai ne suka kafa wa kansu iyakar da malamansu da shugabannin asibitoci da kwalejoji suka kasa kafawa shekara da shekaru.

Kwalejojin ma suna da nasu kason. Kowane ɗalibi na da littafin da ake rubuta ayyukan da ya yi, babba ya sa hannu cewa ya gani da idonsa. Kowa a harkar nan ya san yadda ake cika shi: mako guda kafin rufe rajistar jarrabawa a kawo shi, a bi shafi-shafi ana sa hannu a kan aikin da ba a halarta ba, wani ma ba a yi shi ba. Wannan shaidar zur ce, ko da farar riga aka sa aka yi ta. Haka in tawagar tantancewa za ta zo, sai a yi fenti, a aro na'ura daga wani sashe, a jero sunayen manyan likitocin da rabonsu da wurin an daɗe, a ja wa ɗalibai kunne kan abin da za su faɗa. Masu tantancewar su ma daga irin waɗannan asibitocin suka fito, sun san wasan. A ba da izinin horar da mutum goma a sashen da ba shi da malaman da za su iya da biyar. In ɗalibai suka zube a jarrabawa, a ce yaran yanzu ba sa karatu. Yaushe za su yi karatun? Wa ya zauna da su? Kwaleji da ke karɓar kuɗin jarrabawa sau biyu a shekara tana da ikon ta zo ba sanarwa, ta keɓe da ɗalibai ba tare da shugaban sashe a ɗakin ba, ta janye izini daga inda ba a koyarwa. Jarraba ɗalibi alhali ba a taɓa jarraba malaminsa ba rashin adalci ne.

Shugabannin asibitoci kuwa, ina roƙonku ku bar ofis ku je ku ga ɗakin da likitan kwana ke kishingiɗa. Ku ga katifar, ku ga banɗakin, ku ɗanɗana abincin da ɗan kwangila ke kawowa, in ya kawo. Ku tsaya a sashen gaggawa lokacin da wuta ta ɗauke ana jiran a tada janareta, likita na ɗinki da fitilar waya. Ku ga yadda yake rubuta wa dangi safar hannu da zaren ɗinki da sirinji su je su sayo a bakin ƙofa, yadda yake bin ɗakin gwaji da ƙafarsa neman sakamako, yadda yake roƙon jini, wani lokaci ya zaro kuɗin aljihunsa. Rabin ƙarfinsa na tafiya ne a aikin masinja da na akawu. In mutum uku suka ajiye aiki a sashe, ba a ɗaukar madadinsu, sai a raba kwanansu a kan waɗanda suka rage, a ce ana jiran izini daga Abuja. Na yarda izinin na da wuyar samu. Amma gyaran famfo da sayen katifa da hana ɗan kwangila cin kuɗin abinci ba sa bukatar sa hannun kowa a Abuja. Kuma idan ɗan'uwan mara lafiya ya ɗaga hannu ya mari likita saboda babu gado, ku ne ya kamata ku tsaya masa, ba ku kira shi ku ce ya ba da haƙuri ba.

Ita gwamnati laifinta a rubuce yake, ba sai an tsawaita ba. Akwai dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, da ta tanadi kuɗin kwasa-kwasai da jarrabawa. Kusan kowace shekara sai an yi barazanar yajin aiki kafin kuɗin ya fito, jihohi da dama kuma ko kallon dokar ba su yi ba. Shekaru masu yawa alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi, a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kashe ma'aikatan lafiya, har da likitocin da muka rasa a Kano a farkon 2020. An yi yajin aikin sama da wata biyu daga Agusta zuwa Oktoban 2021, an sake a Yulin 2023, an sake a Nuwamban 2025, kuma buƙatun kusan iri ɗaya ne kowane karo, domin yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba a cika ta. A 2001 a Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, mai masaukin baƙin ba ta taɓa kaiwa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne bakin da maganganun raini suka fito. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ce ba kowane likita ne zai zama ƙwararre ba, wasu su kama noma, har ya ba da misali da likitan da ke ɗinka masa riga. A 2019 ministan ƙwadago, Chris Ngige, shi ma likita, ya ce ƙasar na da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Suka kuwa tafi. A 2024 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200. Da 'yan majalisa suka farga a 2023, dabarar da wani ya kawo ita ce a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ba a tambayi abin da ke korar su ba. Ku tambayi waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya, za su ce kuɗi, amma in hira ta yi nisa za su faɗi sauran: can akwai ranar da aka keɓe don karatu, akwai babban da in an kira shi zai zo, akwai inda za ka kai ƙara in an ci zarafinka.

Mu a Arewa wannan sakaci ya fi yi mana tsada fiye da kowa. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, su ne matattarar ƙarshe ga miliyoyin mutane, har da masu tsallako iyaka daga Nijar da Chadi da Kamaru. Duk ƙwararren da zai je babban asibitin Gumel ko Daura ko Azare nan da shekara goma, yau yana ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare yana kwana a tsaye. Abin da aka koya masa shi zai kai can, abin da aka bar shi ya yi ta kame-kame a kai shi ma shi zai kai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma mun san yankin da ya fi yawan makoki. Jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa ba sa jiran safiya. Wanda zai tare su shi ne wannan ɗalibin da muke tsawatarwa da rana mu yi watsi da shi da dare.

Ga kuma 'yan'uwanmu mata. Mu ne ke cewa muna son likita mace ta duba matanmu, mun yi gaskiya. To yarinyar da ta jure ta kai matakin neman ƙwarewa, me muke mata? In ta yi ciki a yi ta mata gori kamar ta aikata laifi, a sa ta kwana a tsaye da cikin wata takwas, in ta dawo daga hutun haihuwa a ce sai ta biya bashin kwanakin da abokanta suka riƙe mata. Babu ɗakin shayarwa, babu inda za ta ajiye jariri. Da yawa sun haƙura sun koma ƙaramin asibiti, ba don kansu bai ja ba. Sannan mu dawo muna kukan babu ƙwararrun mata.

Ku ma masu neman ƙwarewar akwai magana a kanku, gajeriya. Wanda aka yi wa tsawa da safe, da rana shi ke yi wa mai sanin makamar aiki, shi kuma ya sauke a kan nas ko a kan tsohuwar da ta tambayi jikin ɗanta sau biyu. Gajiya uzuri ce, amma ba ta halatta wulaƙanta talakan da ya sayar da akuyarsa ya zo. Nan da 'yan shekaru ku ne manyan. In kuna jira ne ku hau kujerar ku rama a kan na baya, to kukan da kuke yi yau ba na gyara ba ne.

Yawancin abin da ake nema a nan ba ya cin ko sisin kwabo, shi ya sa uzurin babu kuɗi ba zai karɓu ba. Babban da sunansa ke kan jadawali ya bar wayarsa a kunne, in aikin ya fi ƙarfin yaro ya zo da ƙafarsa. Wanda ya kwana a asibiti ya tafi gida da safe bayan ya miƙa marasa lafiyarsa. A ware wuni ɗaya ko rabinsa a mako don karatu, kada a taɓa shi. Kada a sa hannu a kan aikin da ba a gani ba. Gyara a yi shi a ofis, ƙofa a rufe. A bar ɗalibai su rubuta ra'ayinsu kan malamansu ba tare da suna ba, kuma ya shiga lissafin ƙarin girma, kamar yadda maƙaloli ke shiga. Shugaban sashe ɗaya mai tsoron Allah zai iya fara duk wannan ranar Litinin ba tare da ya jira takarda daga ma'aikatar lafiya ba.

Ranku ya daɗe, an ba ku gidaje da muƙamai da sunan farfesa ne saboda kalmar koyarwa da ke jikin allon ƙofar asibitin. Wanda ya san ba zai iya koyarwa ba, ko ba ya so, hanya a buɗe take: ya ajiye kujerar ya koma asibitinsa na kuɗi, ya bar wa mai iyawa. Wanda kuma ya zaɓi ya zauna, to ya sani 'ya'yan mutane biyu ne aka damƙa masa amana, wanda ke kwance a kan gado da wanda ke tsaye a kansa da wuƙa, kuma za a tambaye shi a kan kowannensu.